Rumbu Ɗaya Ba Ya Isar Makaranta

Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta zame wa ɗalibin Ikara da Makarfi da Kudan tilas. Makarantar da ta sami hali takan tanadi babbar kwamfuta guda, wadda masana ke kira saba, ta tara sakamakon jarrabawa da rijistar ɗalibai a cikinta. Dukkan wannan amana kuwa tana kwance ne a kan faifan ajiya, wato rumbun na'urar.

Idan faifan ya cika, abin da akan fara tunani shi ne a sayo wanda ya fi shi girma. Wannan gurguwar dabara ce. Girma ya daina zama matsala. Faifan farko da kamfanin IBM ya fitar a 1956 megabayit 5 kacal yake ɗauka, alhali na yau, wanda bai wuce tafin hannu ba, yana ɗaukar terabayit 4, wato ninki dubu 800. Matsalar ita ce kowane faifai yana da ranar mutuwarsa, kuma zafin bazara da ƙurar hunturu da yawan ɗaukewar wuta suna gaggauta zuwanta.

Ilimin halittu yana da darasi a nan. Ɗan Adam ƙoda biyu gare shi. Idan ɗaya ta gaza, ɗayar takan riƙe shi. Irin wannan hikima ce masana na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili suka bayyana a 1988 da sunan RAID. A tsari mafi sauƙi, faifai biyu ne ke rubuta abu ɗaya a lokaci guda. A wani tsarin kuma, faifai uku masu terabayit 4 kowanne sukan ba da wurin ajiya na terabayit 8, sauran ya zama jingina, ta yadda mutuwar faifai ɗaya ba za ta jawo asara ba.

Mai yiwuwa shugaban makaranta ya ce kuɗin faifai na biyu gara a sayi alli da kujeru. Uzurinsa abin saurare ne. Amma kujerar da ta karye kafinta zai gyara ta, sakamakon shekara goma kuwa idan ya salwanta babu kasuwar da ake sayar da shi.

Sai dai ƙoda biyu ba sa hana guba aiki. Gobara, ko ɓarawo, ko kuskuren goge fayil, duk lokaci guda suke shafar faifan biyu. Shi ya sa manomin kirki ba ya haɗa iri da abincin gida a rumbu ɗaya. Ya kamata kowane mako a kwafi bayanan a wani faifai dabam, a ajiye shi a wani gini, kuma kowane zangon karatu a gwada buɗe shi. A ɗora wa malami guda wannan nauyi, ya riƙa koya wa ɗalibai, domin su ne za su gaji rumbun.