Lambar da Ta Gagari Rabo

Wannan makon da lamba muka zo: 2,147,483,647. Kowa ya gwada karanta ta da Hausa, da babbar murya, kafin ya ci gaba.

Yawancinmu za mu ce: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. To, a nan gizo ke saƙar. Idan aka ce "dubu ɗari huɗu da tamanin da uku" kawai, 483,000 ake nufi ko 400,083? Mai sauraro sai dai ya yi canke. A ganinmu, gara a maimaita kalmar, a ce dubu ɗari huɗu da dubu tamanin da uku, sannan a rubuta alkaluman a gefe. Ya yi tsawo, amma ya rage ruɗani.

Ita lambar nan tana da hali irin nata. Wutiri ce, ba shafa'i ba, don ba ta rabuwa gida biyu daidai. Ba ta tsaya nan ba: babu lambar da za ta raba ta ba tare da saura ba, sai ɗaya da ita kanta. Idan ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna, ka cire ɗaya, ita za ka samu. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya tabbatar da taurin kanta a 1772, lokacin da babu kwamfuta, kuma idanunsa sun riga sun tafi.

Abin mamaki, kwamfutar ce ta zo ta ci karo da ita. Na'urar da ke ajiye lamba a gurbi 32, ta ware ɗaya don alamar ƙari ko ragi, iyakar ƙirgenta ke nan. Tsofaffin manhajoji da yawa suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma za su iso kan wannan lamba ranar 19 ga Janairun 2038. Daƙiƙa ɗaya ta ƙaru, agogon da ba a gyara ba sai ya koma 1901.

Duk wannan da Hausa muka faɗe shi, harshen bai gaza ba. Mu ne muke gudun lissafi. Attajirin labarinmu kullum "maƙudan kuɗi" gare shi, mayaƙan sarki kuma "ba su ƙirguwa". Lalaci ne kawai muke lulluɓewa da adon magana. Kakanninmu da suka yi ciniki da wuri suna da zambar, da metan, da arbaminya, don ƙirge ya zame musu dole.

Abin da ya ba mu wuya a rubutun nan shi ne sunan irin waɗannan lambobi marasa rabuwa, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Mun ajiye "gagara-rabo" a faifai. Wanda ke da wadda ta fi ta daɗin faɗi a aji, ya kawo mu gwada ta cikin jimla.