RA'AYI: Tsohon hauren giwa ba shi da gurbi a jikin sabuwar jita

A tsakanin masu ƙera jita na Amurka da Turai akwai muhawarar da ta ƙi ƙarewa: shin ya dace a yanka tsohon hauren giwa, wanda aka ciro daga lalataccen piyano ko kayan adon kakanni, a yi sassan sabuwar jita da shi? Sassan ƙanana ne, kamar jakin da tsirkiyoyi ke hawa, da ƙusoshin da ke riƙe su, da adon gefe.

Hujjar masu goyon baya tana da nauyi. Giwar ta mutu shekaru ɗari da suka wuce, in ji su, kuma zubar da haurenta ba zai dawo da ita ba. Gara a mayar da shi abin amfani da a bar shi ya ruɓe a ɗakin ajiya.

Sai dai hujjar ta tsaya kan giwar da ta riga ta mutu, ta manta da wadda ke raye. Abin da ke shaida tsufan haure shi ne kayan da yake jikinsu: ƙirarsu, lambar kamfani da takardun tarihinsu. Da zarar an yanka shi an goge, wannan shaida ta tafi. Jami'in kwastam da aka miƙa wa guntun da bai kai tsawon yatsa ba, ba zai iya bambance na 1920 da na bara da ido ba. Sai an kai ɗakin gwaji, kuma babu tashar da za ta yi wa kowane guntu haka.

Ta wannan kafa masu fasa-ƙwauri ke shiga. Tun 1989 ƙasashen yarjejeniyar CITES suka amince da haramta cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasa da ƙasa, amma kalmar "tsoho" ta zama mayafin da sabon haure ke fakewa a ciki. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya gwada hauren da aka kama tsakanin 2002 da 2014, ya gano fiye da kashi 90 cikin 100 na giwayen da ba su kai shekara 3 da mutuwa ba ne. A shekarar ce kuma babban ƙidayar giwaye ta nuna giwayen dajin Afirka sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 daga 2007 zuwa 2014.

Dokokin da suka biyo baya sun fahimci wannan. Dokar Birtaniya ta 2018 ta ba da damar sayar da kayan kiɗan da aka ƙera kafin 1975, muddin hauren da ke jikinsu bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Amurka ma, a ƙa'idarta ta 2016, ta yi sassauci ga kayan da aka riga aka ƙera masu ɗauke da ƙasa da giram 200. Wato an kare tsohuwar jita, ba a buɗe ƙofar ƙera sabuwa ba.

Batun bai yi wa Najeriya nisa ba. Ƙasar ta zama hanyar da ake bi da haure zuwa Asiya, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan 2.5 da aka kama, a nan Abuja. Aikin jami'an da suka yi kamen yana ƙara wuya duk lokacin da aka halatta wata kasuwa a ƙetare, komai ƙanƙantarta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Maƙerin kuwa ba shi da babbar asara. Ƙashin saniya ya daɗe da zama abin da ƙwararru ke yin jaki da shi, ga kuma na roba irin su Tusq. Ɗan bambancin amon da wasu ke cewa suna ji bai kai a saka garken giwayen Yankari da 'yan uwansu cikin ƙarin haɗari ba.

Jitar da aka gada da haure a jikinta a adana ta, a kaɗa ta, a riƙe takardunta. Wadda za a ƙera yau kuwa, a nemo mata ƙashi daga mahauta.