Filin Uwargida: Yinin da Muka Yi a Ƙasar Daura

A wannan watan ba girki zan kawo muku ba, labarin tafiya ne.

Biki ya kai mu Katsina ni da maigida. Washegari ya ce in shirya, ya samo wani dattijo da zai zagaya da mu. Ni dai na yi mamaki, don shekara 14 da aurenmu ko gidan zu bai taɓa kai ni ba.

Da hantsi muka bar hasumiyar Gobarau a bayanmu, muka ratsa ta Mani. Gero ya yi kai, mata na ta tallan nono a bakin hanya. A Durɓi ta Kusheyi dattijon ya nuna mana tuddan da aka binne sarakunan da, ya ce wani Bature, Palmer, ya sa an tona a 1907. Ban daɗe ba na koma mota, rana ta yi zafi.

Daura ce ta tsaya min a rai. Rijiyar Kusugu tana nan an gine ta cikin ɗaki, har guga aka ba ni na ja na sha. Dattijo ya gyara murya ya kawo labarin macijin nan Sarki, mai hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da yadda Bayajidda ya sare kansa ya auri Daurama. Duk wannan mun sani tun firamare. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, wai ita Daurama da kanta ta ba shi Bagwariya, ita ce ma ta riga haihuwa, ta sa wa ɗan Karɓagari. Da Daurama ta haifi nata sai ta ce Bawo, wato a bayar da garin. Kun ji kishi tun na kakanni!

Sai ji na yi Alhaji ya ce, "Kin ji ko Hajiya? Sarauniya guda, da hannunta."

Gabana ya faɗi. Ashe yawon nan da biyu aka shirya shi.

Na ce, "Baba, shi Bayajiddan me ya yi kafin a ba shi?"

"Ranki ya daɗe, maciji ya kashe."

Na dubi Alhaji, mutumin da in ƙadangare ya shigo ɗaki ni yake kira. Har muka iso Mashi bai ce uffan ba. Ya dai tsaya ya saya min fura. Maganar kuwa bayan sallah ce, an riga an kai kuɗi.