Mai tura saƙon zai zo jinya?

Har yau saƙon muryar nan bai daina yawo a wayoyinmu ba, daga kasuwar Tsamiya zuwa Lolo da Illo, ya tsallaka Segbana ya dawo: wai allurar korona mai mRNA tana canza halittar mutum har jikokinsa. Mu fa mun gaji.

mRNA ba aljani ba ne. Ɗan aike ne da ke kai umarni daga DNA zuwa inda ƙwayar halitta ke ƙera furotin, kuma jikin kowannenmu yana yin sa dare da rana. An ma gan shi. A 1998, a ɗakin binciken Robert Singer da ke New York, aka maƙala masa furotin mai koren haske, aka kalle shi ta madubin ƙara girma yana tafiya cikin ƙwayar yis mai rai. Na allurar kuwa ba ya shiga ɗakin da DNA take, jiki na narkar da shi cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne uwa ta ɓoye ɗanta ranar rigakafin ƙyanda ko sanƙarau saboda wannan magana, alhali alluran nan babu mRNA a cikinsu ko kaɗan. In zafin Maris ya zo da sanƙarau, mai tura saƙon zai kwana a asibiti tare da ita?