Katin inshora ya tsallake su: wahalar neman maganin yaro mai galahanga da rashin natsuwa a Gana

Daga ranar 1 ga Nuwamba 2024, Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta ce katin NHIS zai riƙa ɗaukar nauyin cututtukan ƙwaƙwalwa huɗu: ciwon damuwa mai tsanani, ciwon fargaba, baifola da sikizofireniya. An yi murna, kuma murnar ta dace. A daren da na ji labarin ƙanwata ta kira ni daga Nima, ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "Yaya, namu yana ciki?" Na sake karanta jerin sau biyu, na ce mata babu.

"Namu" ɗin nan ɗanta ne mai shekara takwas. Likita ya tabbatar yana ɗauke da larura biyu. Ta farko galahanga, wadda ke taɓa yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane, ta sa ƙara ko taron jama'a ko sauya masa abin da ya saba su hargitsa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ta biyu ita ce ADHD, wato rashin natsuwa da yawan motsi da aikata abu kafin tunani. A unguwa kuwa sunansa "mai ƙiriniya". Su kansu likitocin Amurka sai a 2013 littafinsu na tantance cututtuka ya yarda a rubuta wa yaro ɗaya larurorin biyu a tare.

Shekara biyu ke nan ina raka uwarsa asibiti. Abin da na koya shi ne, samun maganin da ya dace da irin wannan yaro gwaji ne na watanni. Gwajin yana buƙatar likita guda mai bibiya, da maganin da ba ya yankewa, da rubutaccen bayanin abin da ke faruwa a gida. A ƙasarmu, na ƙarshen ne kawai ke hannun talaka.

Da farko, babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Duk wanda ya ce yana da ita, kuɗinku yake so. Magungunan da ake da su kowanne da abin da yake tarewa. Metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta, yana taimaka wa natsuwa, ana ganin aikinsa a ranar da aka sha, kuma mai gajeren zango yana sakin yaro bayan awa uku zuwa huɗu. Atomoksetin shi ma na natsuwa ne, amma sai an yi makonni ana sha kafin a san ko ya karɓa. Risferidon kuwa, da 'yar'uwarsa arififirazol, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 2006 da 2009 don tsananin fushi da duka da cutar da kai ga masu galahanga. Ba don rashin natsuwa aka amince da su ba.

Abin da ke ƙara wa lamarin wuya, yaro mai galahanga ba ya karɓar maganin natsuwa kamar sauran yara. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya nuna cewa kusan rabi ne kawai na irin waɗannan yara suka amfana da metilfenidet, kuma kusan 1 cikin 5 sai da aka dakatar musu saboda illa. Ga yara masu ADHD kaɗai, waɗanda ke amfana sun kai kusan 7 cikin 10. Shi ya sa ake farawa da ɗan kaɗan, a ƙara a hankali, a canza abu ɗaya tak a lokaci guda.

Mu da risferidon aka fara mana. Cikin mako biyu gida ya yi tsit. Maƙwabta suka riƙa cewa, "Masha Allah, yaro ya yi hankali." Amma fa barci yake yi a aji, ci kuwa kamar ba gobe, kafin wata huɗu kayan makarantarsa sun matse shi. Ƙarin ƙiba da kasala sanannun illolin maganin ne, sai dai ba wanda ya ɗora shi a kan sikeli a farko, balle a san nawa ya ƙaru. Wata rana uwarsa ta ce min, "Yaya, ya daina damun kowa, amma ko dariya ba ya yi." A nan na gane cewa shirun da ke faranta wa unguwa rai ba shi ne lafiyar yaro ba.

Wata likita ta janye shi a hankali, ta koma metilfenidet. Makon farko ya ƙi abincin rana, da la'asar kuma sai kuka ba dalili. Lokacin nan ne maganin ke sakinsa, kuma lokacin nan ne yaran Zango ke ajiye jakar boko su nufi makarantar allo. Wato a boko an ga sauƙi, a gaban malam kuwa ga yunwa ga gajiya ga bulala. Likitar ta rage adadin, ta ce a cika masa ciki da koko da ƙosai kafin ya sha, a kuma ba shi abinci da ya dawo. Sai ga yaro ya zauna ya gama shafi guda na rubutu, karo na farko a rayuwarsa.

Wata uku muka yi a haka, sai magani ya ɓace. Na shiga trotro na zaga kantunan magani har na daina ƙirga. Da ya dawo kasuwa, wani samfuri ne mai dogon zango, farashinsa ya fi ƙarfinmu. Da muka koma asibiti kuma, an canza wa likitar wurin aiki, sabon da muka tarar ya fara tambayoyi daga tushe.

Me ya sa maganin ke yankewa? Metilfenidet na cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Dole ƙasa ta bayyana yawan da take buƙata, dole mai shigo da shi ya sami izini na musamman. Ɗan kasuwa kuwa ba ya son takardu masu yawa a kan kayan da masu sayensa kaɗan ne. Ƙari a kan haka, a 2019 da 2021 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi saka shi cikin jerin muhimman magunguna, yana cewa hujjojin amfaninsa na dogon lokaci ba su gamsar ba. Ƙasashe irin namu da wannan jeri suke duba abin da za su saya. Sannan daga 2022 Amurka, daga 2023 Ingila, su ma sun shiga ƙarancin magungunan ADHD. In mai kuɗi na layi, ina ga mu?

Sakamakon shi ne, maganin da ake samu cikin sauƙi shi ke zama "maganin yaron", ko ya dace ko bai dace ba. Masu sa barci suna nan ko'ina. Na san iyayen da ke sayen ruwan maganin mura a kemis su ɗura wa yaro don kawai a samu a runtsa.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012, wato Doka ta 846, ta ce wannan kulawa kyauta ce. Duk wanda ya taɓa riƙe takardar likita yana yawo ya san kyautar a kan takarda take. Asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Uwar da ke Bawku ko Wa ta yaya za ta riƙa dawowa duk bayan mako biyu ana daidaita adadin magani? Manufar Ilimi ga Kowa ta 2015 ta ce a karɓi irin waɗannan yara a makarantun gwamnati, amma malamin da aji ya cika masa maƙil ba shi da lokacin lura da yaro guda.

Akwai masu tsoron a buɗe ƙofa, kuma ban raina tsoronsu ba. Mun ga abin da tiramol ya yi wa samarinmu, kuma metilfenidet ma ana iya shansa ba bisa ƙa'ida ba. Wasu kuma na cewa kada a mayar da kowace ƙiriniya cuta. Gaskiyarsu. Ƙa'idojin Ingila na 2018 ma sun ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar sai da shawarar ƙwararru na musamman, kuma a fara da horar da iyaye da gyara yanayin aji. Amma maganin wannan tsoro shi ne a ajiye ƙwayar a manyan asibitoci, da rajista da sa hannun likita. Barin ta a hannun kasuwa bai kare kowa ba, ya dai ware masu hali.

Mu ma a Zango muna da namu laifin. An ce mana aljani ne, an ce baki ne, an ce uwarsa ce ta sangarta shi. Ba mu bar addu'a ba, kuma ba za mu bari ba, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Da na zauna da malaminsa na yi masa bayani, shi da kansa ya ajiye bulala, ya riƙa ba shi aya biyu maimakon biyar, ya bar shi ya miƙe ya zaga in zama ya ishe shi. Wannan bai ci ko sidi ɗaya ba.

Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Inshora da 'yan majalisarmu uku ne: a saka larurorin yara cikin jerin NHIS, a tanadi maganin natsuwa a asibitocin koyarwa da na jihohi, a kuma horar da ma'aikatan jinya na gundumomi su riƙa auna nauyi da tsayi da bugun zuciya da hawan jini, don kada sai an zo Akra.

Iyaye kuma, ku sayi littafin rubutu. Ku rubuta sunan magani da adadinsa, lokacin sha, abin da yaro ya ci, lokacin barci, da nauyinsa duk wata. Ku tambayi likita wace matsala wannan ƙwaya za ta tare, kuma yaushe za a san ta yi ko ba ta yi ba. Kada ku ƙara, kada ku tsayar da kanku, musamman risferidon. Littafin ƙanwata ne ya cece mu a gaban sabon likita: ya buɗe, ya karanta, ya mayar da yaron kan adadin da ya karɓe shi. Abin da ya rage mana yanzu na kwana goma sha ɗaya ne, kuma tun jiya na fara kiran kantuna.