Sarƙewar Haruffa a Rubutun Kiɗa: Laifin Na'ura Ne Ko Rashin Ƙa'ida?

Duk wanda ya yi karatun allo ya san lam'alif, inda haruffa biyu ke haɗuwa su zama siffa guda. A rubutun boko ma maɗaba'u sun daɗe suna haɗe "f" da "i", ko "f" biyu, domin shafi ya yi kyau. A littafin labari wannan ado ne kawai. A takardar kiɗa kuwa, yana iya zama ɓarna.

Dalili shi ne, ga makaɗi harafi umurni ne. Alamar "f" na nufin a ɗaga sauti, "ff" kuma a ƙara ɗagawa. Idan manhaja ta haɗe su ta nemi siffar da babu ita a zubin haruffan da aka zaɓa, sai wani ɗan akwati ko baƙuwar alama ta fito a gurbinsu. Masana ilmin halitta sun san irin wannan: sauyin harafi ɗaya tak a ƙwayar gado, daga GAG zuwa GTG, shi ke haddasa cutar sikila.

Tushen matsalar tsoho ne. Zubin Sonata, wanda kamfanin Adobe ya fitar a 1985, ya ɗora alamomin kiɗa a kan gurabun haruffan yau da kullum, waɗanda suka biyo baya kuma kowa ya tsara nasa yadda ya ga dama. Sai a 2013 Daniel Spreadbury na kamfanin Steinberg ya ɓullo da ƙa'idar SMuFL, wadda ta ba kowace alama gurbinta na dindindin, tare da zubin Bravura a matsayin abin koyi.

Gyaran ba ya buƙatar gwani. Da farko a tabbatar zubin yana cikin na'urar. Sannan a kashe haɗin haruffa a ga ko alamar za ta dawo. In za a aika wa wani, a cusa zubin cikin fayil ɗin PDF, a kuma buga shafi ɗaya a duba da ido. Mai rubuta baitin Hausa a ƙarƙashin alamomin kiɗa ya duba ɓ, ɗ da ƙ musamman, domin zubi da yawa ba su da su, kuma "ƙafa" ba "kafa" ba ce.

Sai dai duk wannan magani ne na wucin gadi. A 2024 aka daina sayar da manhajar Finale, wadda aka yi ta aiki da ita tun 1988, lamarin da ya tilasta wa mawallafa neman hanyar kwashe ayyukansu. Saboda haka ya wajaba sassan koyar da kiɗa na jami'o'i su riƙa adana kowane aiki a tsarin MusicXML, su kuma fifita zubi mai bin SMuFL. Kamfani na iya rufewa gobe, amma ƙa'idar da kowa ya mallaka ba ta da ranar tashi kasuwa.