Babbar Riga Da Teburin Jirgin Ruwa

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo zangunanmu, daga Nima har Kumasi. 'Ya'yanmu da Allah Ya buɗa wa a Ingila da Amurka sukan gayyaci iyaye yawon shaƙatawa cikin manyan jiragen ruwa, kuma muna sa musu albarka a kan haka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne saƙon da ke biyo bayan tikiti: "Baba, a bar manyan rigunan nan a gida, akwai dokar sutura, za mu yi maka hayar kwat." Dattijon da ya haura saba'in, wanda ko sau ɗaya wuyansa bai san ɗaurin Turawa ba, sai a cusa shi cikin baƙar kwat ta aro, a ɗaura masa wani ƙyalle mai siffar malam-buɗe-littafi a maƙogwaro, a ɗauki hoto a watsa. Mun ga hotunan, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Dokar dai akwai ta, ba mu musa ba. A jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, wanda ya fara aiki a 2004, yake ratsa teku daga Sawthamton zuwa Niyok cikin kwana bakwai, ana sa ran kowa ya kintsa daga ƙarfe shida na yamma. A wasu darare na musamman kuma ana so maza su sa taksido ko baƙar kwat da ɗaurin wuya, mata su sa kayan fita biki. Wanda ba ya so, akwai ɗakin ɗiba-da-kanka, ya je can ya ci abinsa. Wasu kamfanonin ma, irin su Norwegian, sun daɗe da daina tilasta wa kowa wannan shiga.

To amma wa ya karanta dokar har ƙarshe? Kamfanin P&O na Ingila ya rubuta a fili cewa kayan ƙasa na alfarma da kakin soja karɓaɓɓu ne a irin wannan dare. Mutumin Sikotilan yakan shigo da bujensa na gargajiya mai tsayawa a gwiwa, ƙwauri a waje, ana yi masa murmushi ana neman hoto da shi. Ba'indiya takan shigo da sarinta. Babu ɗansu da ya ce su ɓoye kayan a akwati. Ashe ba jirgi ne ya kori babbar riga ba, kunyar 'ya'yanmu ce ta kore ta tun kafin a isa bakin ruwa.

Ita kanta taksidon da ake girmamawa haka, shekarunta nawa? Sunanta ya samo asali ne daga wata unguwar attajirai a jihar Niyok wajen 1886, kuma da farko shiga ce ta sassauci, ta waɗanda suka gaji da doguwar kwat mai jela. A lokacin an daɗe ana rini a Ƙofar Mata ta Kano, ana ɗinka aska takwas a ƙirjin riga, fatake na kai ta Salaga da Gwanja. Rigar da maɗinki zai yi watanni yana bi da allura, mabugi ya buge ta har ta ɗauki ido, ita ce za a ce ba ta kai ta zauna gaban cokali da faranti ba?

Magabata sun riga sun yanke wannan shari'a. Abubakar Tafawa Balewa da babbar riga ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, da ita kuma ya sauka wurin Shugaba Kennedy a 1961. Ahmadu Ahijo na Kamaru a cikinta duniya ta san shi. A nan gida, Kwame Nkrumah, wanda ba ɗan arewa ba ne, batakari ya sa a daren da ya shelanta 'yancin kai a watan Maris na 1957. Ɗakin cin abinci na jirgi bai fi waɗannan wurare kwarjini ba.

Na mata ya fi ciwo. Uwar da ta yi shekara hamsin cikin zani da mayafi, sai 'yarta ta kawo mata doguwar rigar kanti mai barin kafaɗa a waje, wai ita ce ta dace. Babu kamfanin da ya shar'anta bayyana jiki. Leshi mai kyau, ɗaurin ɗankwali, gyale da ya dace da su, lalle a hannu: wannan ya cika sharaɗi har ya yi saura.

Sai dai kada wani ya fake da maganarmu. Jallabiyar da aka kwana cikinta da silifa na banɗaki ba kayan ƙasa ba ne, ƙazanta ce, kuma in ma'aikaci ya mayar da mai ita daga ƙofa, ba mu da bakin kare shi. Abin da ba za ka sa ka je gaisuwar Sallah a fadar Sarkin Zango ba, kada ka sa shi a can. Shiga cikakkiya muke nufi: riga da 'yar ciki da wando na yadi ɗaya, hula mai tsabta, takalmi rufaffe. Hanin da akan yi wa hula a ɗakin abinci, hular 'yan ƙwallo ake nufi; duk da haka a rubuta wa kamfani tun daga gida, a riƙe amsarsu a hannu.

A kuma sani cewa ba a barin fasinja ya shiga da dutsen guga, saboda tsoron gobara. Don haka a ninke shadda ninkin mabugi, a shimfiɗa ta a saman akwati, in ta yamutse a miƙa wa masu wankin jirgi tun da safe, a gaya musu kada su jiƙa ta. A tebur a naɗe hannun riga bisa kafaɗa kafin miya ta iso.